Wane suna za mu raɗa wa tsiron nan na tankin kifi?

1/ Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina rubuta wa ɗalibaina bayani kan wani tsiro da ake shukawa a tankin kifi na gilashi. Masana na kiransa Juncus repens, Turawa kuma "rush" suke ce wa danginsa. Kwana uku ke nan ina laluben kalmarmu.

2/ Asalinsa fadamun kudu maso gabashin Amurka ne, wajen Florida, akwai shi kuma a Kyuba. Na gan shi da idona a shagon wani mai sayar da kifin ado: siririn kara, kowace gaɓa da tuntun ganye, saiwa na fitowa daga gaɓar tana neman yashi. 'Ya'yan kifi sun shige tsakanin ganyen sun lafe. Bai da saurin girma, kuma in hasken fitila ya yi ƙarfi sai korensa ya koma ja-ja. Yanke reshe kawai ake yi a dasa.

3/ Wani ya ce a kira shi kacala. A'a. Kacala ita ce mai toshe hanyar ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta fi mutum tsawo, danginta daban. Kajiji ma bai yi ba, shi ɗan'uwan aya ne, kuma wanda ya ji kajiji turare zai tuna.

4/ "Ciyawar ruwa" fa? Ta yi faɗi, ai burugu ma ciyawar ruwa ce. Shi kuwa wannan ba ciyawa ba ne a lissafin masana: furensa ɓare 6 gare shi, yana yin ɗan kwanso mai ƙananan iri da yawa. Wani ɗan'uwansa ne mutanen Japan ke saƙa tabarmarsu da shi.

5/ Abin da ya buɗe min hanya kalmar repens ce. A Latin tana nufin mai rarrafe. Mu kuwa tsiro ba ya rarrafe, yaɗo yake yi, kamar kabewa da duma. Don haka na tsaya a kan "jankus mai yaɗo": a ari sunan dangin, a siffanta shi da harshenmu. Aro ba abin kunya ba ne, haka muka samu tumatir da karas.

6/ Amma in akwai masunci ko masaƙin tabarma da ya gaji sunan irin wannan tsiro daga dattawansa, don Allah ya faɗa min. Nasa zan ɗauka, in goge nawa kafin Litinin.