An gafarta wa Dauda, to me ya sa yaron ya mutu?

Ɗan Kwaya:
Salama 'yan'uwa, don Allah ku taimaka min da 2 Sama'ila 12. A aya ta 13 annabi Natan ya gaya wa Dauda Ubangiji ya kawar da zunubinsa ba zai mutu ba, a ta 14 kuma ya ce yaron da Batsheba ta haifa masa zai mutu, rana ta bakwai ya mutu ɗin kuwa. Wace irin gafara ce wannan? Ga shi Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, toh jaririn nan me ya yi?

Dattijon Coci:
Ɗana, karanta daga aya ta 10. A Shari'ar Musa mai zina da mai kisa kashe su ake yi, Dauda kuma ya haɗa biyun, ya yi zina da Batsheba ya kuma sa aka kashe mijinta, wannan mutuwar ce aka ɗauke masa. Amma abin da ya shuka a gidansa sai da ya tsiro, takobi bai rabu da gidan ba, a cikin 'ya'yansa Amnon ya lalata Tamar, Absalom ya kashe Amnon daga baya ya kori ubansa daga Urushalima. Musa ma bai shiga Kan'ana ba, ba don Allah ya yashe shi ba. Ibraniyawa 12:6 ta ce wanda Ubangiji ke ƙauna shi yake horo.

Maman Biyu:
Baba na yarda, amma mu yi hankali da ayar nan ta Ibraniyawa fa, don wasu da ita suke zuwa gaisuwar rashin lafiya, mace ta rasa ɗa ana ce mata ta bincika kanta ko akwai zunubin da ba ta furta ba, haba! Abokan Ayuba haka suka yi, a Ayuba 42:7 Allah ya yi fushi da su. Dauda annabi aka aiko masa ya faɗa masa dalili, mu wa ya aiko mu? Yesu da kansa a Yahaya 9:3 ya ce mutumin nan da aka haifa makaho ba shi ya yi zunubi ba, ba kuma iyayensa ba.

Ɗan Kwaya:
Na gode Baba, na gode Mama. Batun Dauda kam na gane, horo ne. Amma jaririn fa? Shi ba horo aka yi masa ba, mutuwa ya yi, kuma har yanzu ban ga yadda wannan ya zauna da Ezekiyel ba. Ko akwai fasto a nan ya yi mana bayani?