Wane abin sha kuka sha da abokai a bana da har yanzu yake ranku?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Shekara ta zo ƙarshe, ina so in ji daga bakinku, cikin duk zaman da kuka yi da abokai a bana, biki ne ko suna ko shan ruwa ko hirar dare kawai, wane abin sha ne ya tsaya muku a rai? Abin da ya sa nake tambaya, bana abokanmu da yawa sun yi aure, kuma kusan duk dinar da muka je sai ka ga an jera kwalaben wain ɗin nan mara giya a kan tebur, a buɗe ya yi ƙara a yi tafi a ɗau hoto, amma gsky da za ka ce in bambance maka na wannan bikin da na wancan ba zan iya ba, duk zaƙi ne da gas. Ni wanda ya zauna min shi ne kunun aya da matar wani abokinmu ta yi ranar sunan ɗansu, ta jiƙa ayar tun dare aka markaɗa da dabino da kwakwa da ƴar citta, ko sukari ba ta sa ba, aka kawo mana shi da sanyinsa a soro bayan la'asar ana tsananin zafi. Har yau in mun haɗu sai wani ya tayar da zancensa. Sannan ƙarin tambaya ga masu sani, shi wain ɗin nan da ake cewa babu giya a ciki, da gaske babu ɗin?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge bari in fara da tambayarka ta biyu don na taɓa bin diddigin abin lokacin bikin ƙanwata. Iri biyu ne fa kuma mutane suna haɗa su. Akwai wanda ruwan inabi ne zalla aka tace aka sa masa gas aka zuba a kwalba mai kyau, shi bai taɓa zama giya ba tun asali, kuma mafi yawan wanda ake rabawa a bukukuwanmu irinsa ne. Akwai kuma wanda sai da aka bari ya zama giya sosai sannan aka cire barasar da inji, irin wannan wani za ka ga an rubuta 0.0%, wani kuma an rubuta ƙasa da 0.5%, ka ga ke nan akwai ragowa. A kan na biyun ne malamai suka yi saɓani, ni dai na zaɓi in bar shi don hankalina ya kwanta. Don Allah ku dinga juya kwalba kuna karanta bayanta kafin ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don jabu ya yi yawa, ko a Disambar 2023 sai da NAFDAC ta rufe wata kasuwa a Aba saboda wain da lemukan jabu da ake haɗawa a shaguna.
Nawa na bana kuwa zoɓo ne. Mu ƙawaye da muka yi sakandare tare muna da adashi, duk wadda za ta ɗauka ita ce mai masauki, to wata a cikinmu ta dafa zoɓo da ɓawon abarba da kanumfari da citta, ta matsa kokwamba a ciki bayan ya huce, ta zuba a jug na gilashi. Wlh launinsa kaɗai ya ishe ka kallo. Ranar ba wadda ta taɓa lemon kwalba, a katan ɗinsa aka mayar.

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa na Najeriya, ku yi haƙuri da Hausarmu ta nan. Mu wurinmu in an ce abin sha da abokai to shayi na, babu wani. Kullum bayan isha'i muna fada, buta na bisa gawayi, wanda ya fi ƙanƙanta cikinmu shi ka dahuwa, ana juya shi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, a sha na fari mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na ukku mai zaƙi, kuma kunya ce ka tashi ba a gama ba. Amma na bana da ban mantawa shi ne wanda munka sha a Ingal, nan ƙasarmu Nijar, lokacin Cure Salée, taron makiyaya da aka yi cikin watan Satumba ƙarshen damina, inda Buzaye da Fulani Wodaaɓe ke kawo dabbobinsu lasar gishiri. Wani abokinmu Buzu ya kai mu tantin danginshi, sunka ba mu shayi da cuku, sannan sunka dama muna wani abu na hatsi da dabino da cuku an daka su tare an zuba ruwa, ana sha da ludayi ana miƙa ma na kusa. Yana da nauyi ƙwarai, in ka sha da hantsi har dare ba ka neman abinci. Tsohon gidan shi da kanshi ya dafa shayin, bai bar yaro ya taɓa butar ba, wannan girmamawa ta shige ni sosai.

Abu Hanan:
Allah Ya saka da alheri Maman Biyu, bayaninki ya yi. Ina so in ƙara wani abu da mutane ba sa lura da shi, ba wain na kwalba kaɗai ba ne abin kiyayewa, hatta namu na gida in ya kwana a zafi yana iya juyawa, musamman kunun aya, shi ba ya jure rashin wuta ko kaɗan, in ya fara tsami yana kumfa ko robar ta kumbura to a zubar. A Sahihu Muslim akwai hadisin Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) busasshen inabi a ruwa yana sha, amma ba ya wuce kwana uku.
Nawa kuma sai na tuna sai raina ya sosu. Na yi karatu a Khartoum, kuma duk wanda ya yi azumi a Sudan ya san hilu-mur, abin shan da suke yi da dawa, a bar ta ta tsiro a shanya a niƙa a kwaɓa da kayan ƙamshi su citta da kirfa, a gasa shi fale-fale a kan faranti ya bushe, in za a sha sai a jiƙa a tace. Tun kafin watan ya kama ƙamshinsa ke cika unguwa. A can a bakin titi ake shimfiɗa tabarma a sha ruwa, har tare matafiya suke yi sai sun sauko sun ci. Tunda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abokanmu suka watse, wasu Masar wasu Chadi wasu ba mu da labarinsu har yanzu. To azumin bana wani ɗan ajinmu ɗan Sudan da ya dawo Kano da iyalinsa ya gayyace mu shan ruwa, ashe matarsa ta yi hilu-mur da dawar da ta saya a Dawanau. Kurɓar farko kowa ya yi shiru, wani cikinmu sai da ya share hawaye. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Baƙon Kef:
Amin ya Allah. Ni ina karatu a Cape Town, kuma nan kusa da mu akwai Stellenbosch, garin gonakin inabi ne tun zamanin Turawan Holan, an kafa shi 1679, mutane daga ko'ina suke zuwa ɗanɗana wain. Ƴan ajinmu suka shirya zuwa lokacin girbi wajen watan Fabrairu, su suna ɗanɗana nasu, ni da wani ɗan Malesiya muka ce ba ma sha, ba wanda ya matsa mana, aka kawo mana ruwan inabin da suke kira hanepoot, sabon matsa ba gas ba ƙari. Ban taɓa sanin inabi yana da ƙamshi haka ba, kamar an zuba zuma, kuma ga kurangar da aka tsinko shi kana kallo. Don haka Ɗan Fagge ba inabin ne ba shi da daɗi ba, in ka samu na ainihi za ka tuna shi. Amma duk da haka fura da nono nake marmari, kindirmo mai kauri, a nan sai dai yogot.

Ɗan Fagge:
Kai masha Allah, na gode muku duka, ban zaci zancen zai kai har Ingal da Khartoum ba. Maman Biyu daga yau sai na juya kwalba. Abu Hanan don Allah in da hali ka tambayar mana matar abokin naka, dawar fara ce ko ja, kuma kwana nawa ake barin ƙullun kafin a gasa, ina so mu gwada a gida kafin azumi mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Abu Hanan:
Ja ce ta yi amfani da ita, shi ya sa yake fitowa da duhu. Sauran zan tambaya in turo maka insha Allah, amma ka shirya itace da haƙuri, don gashin a kan wuta ake wuni ana yi kuma mata ne suke taruwa su yi shi tare, ba aikin mutum ɗaya ba ne.