Na danna wani link na "rajistar zaɓe", yanzu hankalina ya tashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da rubutuna, da hannun hagu nake dannawa. Sati biyu ke nan da na faɗo daga kan sikuta, ɗan keken nan mai caji da ake hawa a tsaye. Tayar gaba ce ta faɗa wani ɗan rami, na kai hannu ƙasa don in tare, wuyan hannun dama ya karye. Ina gida a Ottawa, babban birnin Kanada, da filasta har gwiwar hannu.

Ba wannan ya kawo ni ba ma. Ban daɗe da yin rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, kuma na ƙagu in ga ranar da zan jefa ƙuri'a. Jiya da daddare, na sha maganin ciwo ina gyangyaɗi, sai ga saƙo a waya wai daga hukumar zaɓe, wai sunana bai shiga rajista ba, in danna in gyara kafin awa 24. Na danna. Na sa suna, ranar haihuwa, adireshi, imel da kalmar sirrinsa. Da suka nemi lambar SIN, wato lambar shaidar aiki da haraji da gwamnati ke ba mutum, sai jikina ya ba ni, na rufe. Abin kunyar, kalmar sirrin nan ita ce ta Facebook, ita ce ta manhajar hayar sikutar, kuma ta banki ma lamba ɗaya ce ta bambanta su. Me zan fara yi? Kuma shin da gaske sunana ba ya cikin rajistar?

Baban Khalifa, Calgary: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ajiye maganar zaɓe tukuna, ka buɗe imel ɗinka yanzun nan kafin ka gama karanta sauran amsoshi. Shi ne uwar ɗaki, domin duk asusun da aka ce "na manta kalmar sirri", can ake aiko da hanyar sakewa. Wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe sauran. Ka canza kalmar, ka zaɓi wurin da ke fitar da duk na'urorin da suka shiga, sannan ka duba abu biyu da mutane ke mantawa: lambar waya da imel na ko-ta-kwana, ko an sauya su, da kuma saitin tura wasiƙu, domin ɓarayin nan sukan saita a riƙa aika musu kwafin duk abin da ya shigo maka, ko ka canza kalma suna karantawa. Daga nan sai banki. Lambar da ke bayan katinka za ka kira, kada ka kira wadda ta zo a saƙo. Facebook da sikuta su zo a ƙarshe.

Kowanne ka ba shi kalmarsa daban, doguwa. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa nesa ba kusa ba. A watan Agustan 2020 an shiga dubban asusun mutane a shafin hukumar haraji ta nan ƙasar, kuma da kalmomin sirrin da aka sato daga wasu shafuka aka shiga, saboda mutane na maimaita guda ɗaya ko'ina.

Maman 'Yan Biyu, Winnipeg: Ƙanena sannu, Allah ya sa kaffara ne. Ƙari a kan na Baban Khalifa: ka kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da WhatsApp. Kwanakin nan za su iya kiranka da murya mai daɗi su ce daga banki ne, an ga matsala, ka karanto musu lamba shida da ta shigo maka. Kada ka karanta wa kowa, ko ni ce na tambaye ka. Haka aka ƙwace WhatsApp ɗin wata a rukuninmu na mata, kafin la'asar an bi mu ɗaya bayan ɗaya ana roƙon kuɗin asibiti da sunanta.

Tunda sun sami sunanka da ranar haihuwa da adireshi, ka tuntuɓi Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, su sa alamar gargaɗi a fayil ɗinka, don kada a ci bashi da sunanka. Saƙon kuma ka tura shi zuwa 7726, lambar kai ƙarar saƙonnin bogi, ka kai rahoto cibiyar yaƙi da zamba ta ƙasa. Gara da ka tsaya a SIN.

Kawu, Toronto: Ɗana, bari in kwantar maka da hankali ta fuskar zaɓen, don na jefa ƙuri'a a ƙasar nan fiye da sau biyar. Ko sunanka ba ya cikin rajista, ranar zaɓe za ka je rumfa da shaidarka a rubuta ka nan take ka jefa. Sharaɗin shi ne ka zama ɗan ƙasa, ka cika shekara 18, ka nuna ko kai wane ne da inda kake zaune. Lasisin tuƙi kaɗai ya isa. In babu, takardu biyu, ɗaya mai adireshi. In ma babu, wani mai zaɓe a rumfarku da ya san ka zai iya tsaya maka. Idan an kira zaɓe, kati ne zai zo maka ta gidan waya da wurin da za ka je. A zaɓen tarayya ba a jefa ƙuri'a ta waya ko intanet, takarda ce da fensir, kuma da hannu ake ƙirgawa. To me hukumar zaɓe za ta yi da kalmar sirrin imel ɗinka?

Wasan nan tsoho ne. A zaɓen 2011 an yi ta kiran mutanen garin Guelph da ke Ontario da muryar na'ura, wai daga hukumar zaɓe, ana ce musu an sauya rumfarsu. Ƙarya ce, kuma a 2014 kotu ta ɗaure wani ma'aikacin kamfe wata tara a kan haka.

Abu ɗaya da zai ba ka mamaki: ba za ka ga sunan firaminista a takardarka ba, sai in mazaɓarsa kake. Ɗan majalisar mazaɓarka kake zaɓa, cikin kujeru 343, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka ko da bai kai rabi ba. Ku na Ottawa kun gani da idonku a zaɓen 28 ga Afrilun 2025: firaminista Mark Carney ya ci a mazaɓar Nepean, maƙwabcinsa na mazaɓa Pierre Poilievre, shugaban 'yan adawa guda, ya rasa Carleton da ya riƙe shekara 20, sai da ya je Alberta ya sake tsayawa kafin ya koma majalisa.

Nas, Edmonton: Ni dai maganar hannun nan ce ta tsaya min, don irinku muke gani a ɗakin gaggawa da zarar ƙanƙara ta narke. Cibiyar da ke tattara alƙaluman lafiya ta Kanada ta ce a shekarar 2023 zuwa 2024 kusan mutum 1,000 aka kwantar saboda raunin sikuta, rabinsu na mai caji ne. Waɗanda aka kwantar ke nan fa, ban da irinka da aka ɗaure aka sallama. Tayar ƙarama ce, ramin da keke zai haye ita sai ta tsaya cak ta wurgo mutum ta gaba. Da hular kwano a kanka?

Kawu, Toronto: Mu nan birninmu bai yarda da ita a titi ba, amma ka fita ka ga yadda masu kai abinci ke shawagi da ita.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Khalifa, ka yi gaskiya: na tarar an shiga imel ɗin da ƙarfe 3 na dare daga wata na'ura da ban sani ba, an kuma saita tura duk wasiƙar da ke ɗauke da sunan bankina. Na goge, na canza komai, banki sun ce babu abin da ya fita. Kawu, na rubuta adireshin hukumar zaɓe da hannuna na duba, ashe sunana na ciki tuntuni, tun wurin cike takardar neman zama ɗan ƙasa na amince a sa ni. Anti Nas, hular tana rataye a bayan ƙofa ranar. Litinin zan koma a sake ɗaukar hoton hannun.