Gashin kyanwa da yaran unguwa: a kore ta ko a bar ta?

Mai shago, Sabon Gari: Salamu alaikum jama'a. Gardama ta taso kan gidajen da ke da kyanwa, yaran maƙwabta suna shiga suna ɗaukarta. Wasu sun dage cewa in yaro ya haɗiyi gashinta cikin abinci tarin fuka zai kama shi, don haka gidan da yara ke shiga bai kamata a ajiye ta ba. Masu sani su raba mana.

Ma'aikaciyar jinya, Birni: Wa alaikumus salam Alhaji. Tarin fuka ƙwayar cuta ce da mai ciwon ke fesowa in ya yi tari, na kusa da shi ya shaƙa. Gashin da aka haɗiye ciki yake nufa, ya fita da bayan gida. Abin da mutane ke gani su kira shi fuka, asma ce. Abin da ke tada ita yana cikin miyaun kyanwa da maiƙon fatarta: ta lashe jiki, miyau ya bushe, ya tashi da ƙura. Ba kowane yaro yake damu ba. Wanda in ya taɓa ta sai atishawa, ido ya yi ja, ƙirji na yin fito in yana numfashi, shi za a raba da ita, a hana ta hawa katifarsa da tabarmarsa.

Dattijo, Garin Malam: Ƴata, to ai kin dawo kan maganar iyayenmu. Ko gashi ko miyau, daga jikinta dai yake fitowa. A lokacin hunturu yaran nan ga ƙura ga kyanwa. Ni ina nan kan a fitar da ita.

Malamin makarantar allo, Zango: Baba, a dai bambance tsarki da lafiya. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, hadisin Abu Ƙatada ya nuna ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa tsakaninmu. Sauran ruwan da ta sha ana alwala da shi matuƙar ba a ga najasa a bakinta ba. Kuma fitarwar da ake yi, a ɗaure ta cikin buhu a yar a bayan gari ba ci ba sha, abin tsoro ne ga wanda ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi: Baba, da girmanka, ana tsoron gashi an bar haƙori da farce da kashi, alhali nan haɗarin yake. Kyanwa na kamuwa da haukan kare. Gaskiya ne kusan duk mutanen da ke kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwar da ke yawo dare kan katanga tana iya haɗuwa da karen da ke ɗauke da shi. Allurar rigakafi ana fara yi mata tana wata 3, a sabunta duk shekara. In ta ciji yaro ko ta yaƙushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15 cur, a duba agogo don ya fi yadda ake zato tsawo, a shafa Bétadine, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa rauni, a nufi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibitin Damagaram a ranar. Kada a zuba toka ko ƙasa, kada a ɗaure wurin tamau. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana, da wuya a tashi. Yara kuma ɓoye cizo suke don tsoron duka, sai uwa ta riƙa duba hannuwansu wajen wanka.

Dattijo, Garin Malam: An ce ai ana jira kwana 10 a ga ko dabbar za ta mutu.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi: Kwana 10 ɗin na lura da kyanwar ne Baba, a tsare ta da abinci da ruwa, kada a kashe ta. Yaron ba ya jira. Likita ne zai yanke ko a fara allura.

Ma'aikaciyar jinya, Birni: In ƙara da kaluluwa. Yaƙushin ƴar kyanwa mai ƙuma kan sa kaluluwa ta fito a hammata ko wuya bayan mako 1 zuwa 3, lokacin an manta da yaƙushin. A faɗa wa likita. Sai makero: in aka ga gashinta ya zube a zagaye wajen kunne ko fuska, yara su dakata da ɗaukarta har a yi mata magani, don yana kama fatarsu da kansu.

Hajiya, Tudun Jamus: Ni damuwata rairayi ne. Yaranmu cikinsa suke yini, ita ma can take tona ta binne kashinta. A ware mata tsohon kwano mai faɗi da rairayi a lungu, a kwashe kullum da cebur, a wanke hannu. Kullum na ce, don ƙwayar cutar da ake jiye wa mai ciki tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 cikin kashin kafin ta iya kama mutum. Mai ciki ba ita za ta kwashe ba. Tulin rairayin gini da ke ƙofar gida a rufe shi da tsohuwar tabarma ko leda.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi: Daidai Hajiya, da maganin tsutsar ciki duk wata 3. A kuma koya wa yaran ɗauka: hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙafafun baya. Ba a jan wutsiya, ba a taɓa ta tana ci ko tana shayarwa. In ta kwantar da kunnuwa tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, a sake ta nan take. Ƴaƴanta kuma kada yara su rarrabe su kafin mako 8.

Mai shago, Sabon Gari: Ƙumar fa? Wasu fiya-fiya suke fesa mata.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi: Kada a kuskura Alhaji. Za ta lashe, ta yi ta zubar da miyau da karkarwa, ga yara sun shafa sun kai hannu baki. Maganin ƙuma na kare ma wani yana kashe kyanwa, haka paracetamol ko ƙwaya ɗaya. A nemi wanda aka rubuta na kyanwa ne wajen masu maganin dabbobi, a wanke tsummanta da ruwan zafi a shanya a rana.

Dattijo, Garin Malam: Na ji ta allura da ta rairayi. Amma ɗakin da jariri ke kwance, ban yarda ta shiga ba.

Ma'aikaciyar jinya, Birni: Wannan kam ba gardama Baba. Ɗumi take bi, tana iya kwanciya dab da fuskarsa, shi kuwa bai iya kau da kai ba. A soke gidan sauro ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare, a ja ƙofa.