Wace kalma za mu sa a madadin "notability"?

Assalamu alaikum. Ina cikin fassara ƙa'idar da ake bi wajen zaɓen abubuwan da za su shiga shafukan ranaku na Wikipedia, wato inda ake jera abin da ya faru a rana mai kamar ta yau, sai kalmar Turanci "notability", wato ma'aunin da ake dubawa kafin a sa abu a shafi, ta tsaya mini a gaba. Da farko na rubuta "shahara", amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba, shi ya sa nake neman shawararku.

Wa alaikumus salam, Malam. Kana da gaskiya da ka yi shakka, domin shahara yawan bakunan da suka faɗi abu take aunawa. Dubi 1 ga Oktoba kawai: a 1949 Mao Zedong ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, a 1960 Najeriya ta sami 'yancin kai, a 1978 kuma Tuvalu ta sami nata. Tuvalu 'yan tsibirai ne a tekun Pasifik waɗanda mutane da dama ba su taɓa jin sunansu ba, to in da shahara ake awo da an bar ta a waje, alhali haihuwar ƙasa ba ta zama ƙaramin abu don ƙasar ƙarama ce. Auren wani mawaƙi kuwa yakan cika duniya mako guda a manta. Ni "muhimmanci" zan zaɓa.

Malam, a gafarce ni, "muhimmanci" ma tana da tata matsalar, don duk wanda ya ji ta zai tambaya: a wurin wa? Ƙa'idar ba ta bar hukunci ga ra'ayin mai gyara shafi ba. Abin da take nema shi ne ko majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da hannu a lamarin, sun yi bayaninsa da zurfi. A ranar 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon farko a kan ARPANET, kakar intanet, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, kuma duniya ba ta ko waiwaya ba. Rubuce-rubucen da aka tara daga baya ne suka ba ranar gurbi. Saboda haka nake ganin "cancanta" ta fi kusa, tunda ita tana nuna akwai sharaɗin da aka cika.

Na gode, Malama, hujjarki ta shige ni. Abin da ya rage mini shi ne "cancanta" ita kaɗai tana ɗauke da ƙanshin yabo, kamar yadda ake cewa wane ya cancanci lada. Kisan Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon daular Austria-Hungary, a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914, wanda ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya, dole ya shiga kalanda, amma ba na so mai karatu ya ɗauka yaba shi muke yi. In muka ce "cancantar ambato" an rabu da wannan, domin ana ambaton alheri ana ambaton sharri. Tana kuma juyuwa cikin jimla ba wahala: "wannan lamari bai cancanci ambato a 3 ga Maris ba."

Na amince, Malam, da ƙari ɗaya. Abin da ya isa a buɗe masa shafi na kansa mu ce yana da "cancantar maƙala", wanda kuma ya isa a ba shi layi a shafin rana mu ce "cancantar ambato", tunda ba duk mai maƙala ne yake samun wuri a kalanda ba.