Don Allah a agaza, yaya ake cewa rapper da Hausa? Shiri gare ni gobe da safe

Mai Shirin Rediyo:
Salamu alaikum jama'a, agaji nake nema cikin gaggawa. Gobe 7 ga Fabrairu ƙarfe goma na safe za mu naɗi shiri kuma har yanzu rubutuna bai kammala ba, kalmomi biyu ne suka maƙale min. A ɗan filin da muke tuna abin da ya faru a rana irin ta yau nake son kawo Big Pun, mawaƙin nan na Amurka da ya mutu ranar 7 ga Fabrairun 2000 yana da shekara 28 kacal. Sunansa na ainihi Christopher Rios, an haife shi a 1971 a unguwar Bronx ta birnin New York, iyayensa 'yan asalin Puerto Rico ne. Abin da aka fi tuna shi da shi, shi ne Latino na farko cikin rappers masu waƙa su kaɗai da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya na kundinsa, wato Capital Punishment na 1998. To kun ga matsalar, rapper da Latino a jimla ɗaya, kuma shugaban sashenmu ba ya son jin Turanci ko kaɗan, ko "ok" ka ce a gabansa sai ya sauke tabarau ya dube ka. Me zan ce?

Ɗan Fagge:
Mawaƙin gambara mana. Ai haka sassan Hausa na gidajen rediyon waje suke faɗa tun tuni, in kina son ki bambanta sai ki ce gambarar zamani. An gama.

Uwar Biyu:
Nima gambara na sani. Amma Latino ɗin nan kam ban taɓa jin an fassara shi ba, ɗan Latin Amurka kawai ake cewa.

Mai Shirin Rediyo:
To ai nan gizo ke saƙar Anti, mutumin nan a New York aka haife shi, can ya girma, da Turanci yake waƙarsa sai ɗan Sifaniyanci da yake yayyafawa nan da can. In na ce ɗan Latin Amurka mai sauraro zai ɗauka daga Mexico ko Brazil ya zo.

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga Latino, a tsaya a kan gambara tukuna, domin ban yarda da ita ba ko kusa. Yaran yanzu kun san su wane ne 'yan gambara kuwa? Ni na gan su da idona a kasuwar ƙauyenmu ina yaro. Makaɗan ban dariya ne, suna yawo kasuwa kasuwa da gangarsu, su tare mutum su yi ta zuba masa zambo da habaici da maganganun da ba a faɗa gaban surukai har sai ya zaro 'yan kuɗi ya ba su don su rabu da shi. Mata in sun hango su sai su ja mayafi su canza hanya. Wani mai fassara ne dai aiki ya cimmasa wata rana ya ɗauko kalmar ya manna wa abin da ba nata ba, saura suka bi yarima aka sha kiɗa. Harshe yana da ƙa'idar ƙirƙira. Muna da aikatau rattaba, a ce ya rattaba bayani, ya rattabo sunaye, wato ya jero magana da sauri ba tuntuɓe. A sa ɗafa-goshi ma- kamar yadda aka yi a rubuta, marubuci, sai a samu MARATTABI, mace marattabiya, jam'i marattaba. Na daɗe ina ba da wannan shawara.

Yaron Studiyo:
Baba Malam Allah ya kara lafiya amma wlh abin da kuka lissafa din nan ai shi ne rap 😂 zambo, habaici, kirarin kai, cika baki, har da maganar da ba a fada gaban surukai. Ku saurari Big Pun din ma ku ji. Wanda ya fara cewa gambara ya san me yake yi

Tsohon Malamin Hausa:
Yaro, fara sa wa haruffanka ƙugiya tukuna. "Kara lafiya" ka rubuta, karan dawa ko karan gero?

Yaron Studiyo:
wayata ce ba ta da su Baba, a yi hakuri

Ɗan Fagge:
Malam ya yi haƙuri, amma ni marattabi in na ji shi a rediyo zan ɗauka wanda ya rattaba hannu a kan yarjejeniya ake nufi. Kuma a gwada faɗin "marattaba" da sauri a makirfo, wallahi rabin masu sauraro martaba za su ji, a wayi gari an ce gidan rediyo ya kira mawaƙin Amurka mai martaba, daga nan sai takarda daga fada.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan ba mu taɓa wahalar da kanmu ba, rap muke cewa, mai yin ta ɗan rap ko mai rap. Tun zamanin su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney ake rap da Hausa da Zabarmanci a Yamai, tsoho da yaro kowa ya san kalmar, ba wanda ya ce musu 'yan gambara. Ku 'yan Najeriya ne kuke son komai sai kun yi mishi riga da wando.

Uwar Biyu:
Ku da kuke cewa montur da lakkwal za ku yi mana gorin aro?

Ɗan Damagaram:
Hajiya ai ni ba gori na yi ba, cewa na yi aro ba laifi ba ne. Ku ma mota da makaniki da asibiti ba daga Daura suka fito ba.

Mai Shirin Rediyo:
Jama'a don girman Allah, ƙarfe tara ta wuce.

Mai Fassara a Kotu:
'Yar'uwa bari in taimaka da Latino tunda kowa ya tafi gambara. Kalmar a Amurka ba ƙasa take nunawa ba, tushe take nunawa, wato mutumin da asalinsa ya fito daga Latin Amurka ko da a Chicago aka yanke masa cibi. Kuma na Puerto Rico ma daban yake, tsibirin yana hannun Amurka tun 1898 da ta karɓe shi daga Sifaniya, mutanensa kuma an ba su zama 'yan ƙasar Amurka tun 1917, saboda haka iyayen Big Pun ko biza ba su buƙata. Ni da ni ce sai in ce "Ba'amurke ɗan asalin Puerto Rico" a wajen gabatar da shi, in an zo maganar tarihin da ya kafa sai in ce "na farko cikin 'yan asalin Latin Amurka". Kalmar asali ita ta ɗauki nauyin duka. Sannan kar ki yar da "shi kaɗai" ɗin nan don neman gajarta, ƙungiyar Cypress Hill ta riga shi sayar da miliyan, amma su ƙungiya ce. In kika cire sai magana ta zama ƙarya, kuma akwai mai sauraron da zai bugo waya.

Tsohon Malamin Hausa:
Me ya hana a ce Balatine, Balatiniya, Latinawa? Kamar Bature, Baturiya, Turawa. Tsari ne da harshe ya tanada.

Mai Fassara a Kotu:
Tsarin daidai ne Malam, kunne ne bai saba ba. Wanda ya yi boko zai ɗauka mutanen Rum na da masu magana da Latin ake nufi, wanda bai yi ba zai ce Litinin aka ce.

Tsohon Malamin Hausa:
Kunne da ji yake sabawa. Lokacin da aka fara cewa jirgin sama akwai waɗanda suka yi dariya, wai jirgi a ruwa aka san shi. Yanar gizo fa? Yau har 'yar tallan goro ta san ta. Matsalarmu raina namu, Bahaushe in ya ji kalma da Turanci sai ya ga ta fi daraja. Balarabe ya zauna ya ƙirƙiro wa kwamfuta suna daga saiwar harshensa, Bafaranshe yana da majalisa guda ta kula da harshe, mu kuwa sai dai mu ɗauko na wani mu lanƙwasa.

Ɗan Fagge:
To ai Malam yanzu da bakinsa ya ce kwamfuta bai ce na'ura mai ƙwaƙwalwa ba 😄

Tsohon Malamin Hausa:
Don ku gane na faɗa.

Yaron Studiyo:
ni fa abin da ke damuna ba wanda ya tambayi masu yin abin. Mu a studiyo ba mai cewa gambara gsky, in ka ce wa yaro dan gambara sai ya ga kamar ka ce masa maroki, rapper yake so ko mawakin hip hop. Su ClassiQ da DJ AB da Morell ai Hausa hip hop ake ce wa abin da suke yi. Kuma Baba Malam duk da tsokanar da nake yi, rattaba din nan ta dace da Big Pun fiye da kowa, shi abin da ya sa ake girmama shi kenan, zai dauki numfashi daya ya jero layi mai tsawo kalmomi suna amsa juna a tsakiya ba a karshe kawai ba, mutum mai wannan jiki amma harshe kamar keken dinki. Na taba zama da belun kunne ina mayar da baiti daya baya sau kusan goma don in gano inda ya shaki iska ban gano ba

Tsohon Malamin Hausa:
Amsa-amon ciki ake ce masa. Marubuta waƙoƙinmu sun san shi tun kafin a haifi kakan wannan mawaƙi. Ka ga kai ma ka dawo hanya.

Yaron Studiyo:
ban dawo ba Baba, cewa na yi ta dace da shi, ban ce zan kira kaina marattabi a fosta ba

Uwar Biyu:
Wai jikin nasa da ake ta faɗa, ƙibar ce ta kashe shi?

Mai Shirin Rediyo:
Bugun zuciya ne Anti, a wani otel a White Plains kusa da New York, numfashi ya gagare shi aka kai shi asibiti ba a samu ceto shi ba. Nauyinsa a lokacin ya haura kilo 300. Kundinsa na biyu ma bai ga fitowarsa ba, sai watan Afrilu ya fito, wata biyu bayan mutuwarsa. Fat Joe ne ya jawo shi harkar sosai, shi ma ɗan Bronx ne mai jinin Puerto Rico, tare suke a ƙungiyar Terror Squad. Duk wannan na rubuta shi lafiya lau ba gardama, har zaɓen da aka yi wa kundin farko cikin masu takarar kyautar waƙa ta Grammy. Kalma biyun nan ne dai.

Ɗan Damagaram:
Ki ƙara musu da cewa Bronx ɗin nan can aka haifi hip hop ɗin kanta, 1973 wajen wani biki da DJ Kool Herc ya yi, kuma yaran Puerto Rico suna ciki tun farko musamman wajen rawa da zanen bango. Shi ya sa abin ya yi musu daɗi da nasu ya kai miliyan, an daɗe ana ganinsu kamar 'yan rakiya a gidan da da su aka gina.

Mai Fassara a Kotu:
Wannan ya fi duk gardamar da muke yi amfani ga mai sauraro. Game da rapper kuwa ni ra'ayina a bi abin da kunne ya riga ya sani. Gambara tana da tabo, na yarda da Malam, amma "zamani" tana wanke rabin tabon, kuma kalma in ta shekara da shekaru a labarai ta riga ta yi sabuwar ma'ana ko muna so ko ba ma so. Ki faɗe ta sau ɗaya tare da rap, daga nan ki ci gaba da cewa mawaƙin.

Mai Shirin Rediyo:
To ga abin da na rubuta, a duba min: "A rana irin ta yau a shekarar 2000 ne Big Pun ya mutu, Ba'amurke ɗan asalin Puerto Rico, mawaƙin gambarar zamani da ake kira rap. Shi ne ɗan asalin Latin Amurka na farko da ya yi kundin irin wannan waƙa shi kaɗai aka sayar da kwafi miliyan guda." Na tura wa shugaban sashe ta WhatsApp ya ce rap ɗin ta wuce sau ɗaya amma kar ya sake jin ta.

Ɗan Fagge:
Ya yi. Sai dai ki gwada faɗin Puerto Rico da ƙarfi sau uku kafin ki shiga, kar ki yi tuntuɓe.

Yaron Studiyo:
ni dai gambara ba ta kwanta min ba amma tunda rap na ciki shi kenan

Tsohon Malamin Hausa:
Jimlar ba ta da aibi ta fuskar nahawu, wannan na ba ki. Amma ban janye ba. Ko sau ɗaya ki jefa "ya iya rattaba kalmomi" a cikin bayanin salonsa, mutane su fara jin saiwar, sauran sai a bar wa lokaci.

Mai Shirin Rediyo:
Wannan kam zan sa Baba, dama ina neman yadda zan kwatanta saurin bakinsa. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Saura platinum, lambar da ake ba kundin da aka sayar da miliyan, amma na riga na ce kwafi miliyan guda, don Allah kar wanda ya taɓa min ita.

Tsohon Malamin Hausa:
Kwafi ma ai ba Hausa ba ce.