Moton da ya taɓa yin hatsari, za a iya shiga tsere da shasinshi?

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum ƴan'uwa, shawara nike nema. Wani abokin yayana ya sallama min Boxer 150 da arha saboda ta bugi bayan mota a hanyar Ɗan Isa, inji lahiya lau, an canza furshi, wato bututu biyun da ke riƙe tayar gaba, da ita tayar gaban, an yi mata sabon fenti. So nike in shiga da ita tseren da samari ke yi a hili bayan gari, ba bisa gudron ba. Da ido dai ban ga komi ba amma in na saki kai kaɗan sai ta riƙa ja hagu. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya hwaɗa min mi zan duba kahin in zuba kuɗi a inji.

Makanikin Sabon Gari: Wa alaikumus salam ƙanena. Sabon fentin nan shi ya hi damuna, ba jan hagun ba. Moto in ta daki abu da gaba, furshi ne ke lanƙwashewa a ido amma ƙarhin bugun wuya yake tahiya, wurin da bututun kai ya haɗu da ƙarhen da ke bi ƙarƙashin tanki da wanda ke sauka gaban inji. Cire tanki da siti da robobi duka, ka wanke wurin da esans, ka kankare fentin da ke kewaye da waldar har ka ga ƙarhe tsirara. In ƙarhen ya yi ƴar tattara kamar goshin tsoho ko ka ga layin tsatsa siriri yana bin gehen walda, to shasi, wato ƙarhen gangar jikin moton, ya motsa. Kuma ka duba ƴan kunnuwan nan biyu da ke tare kai kar ya bugi tanki, in ɗaya ya karye ko an sake liƙa shi, bugun ba ƙarami ba ne ko mi mai ita ya ce maka.

Mai kabu-kabun Zariya: Patron ya hwaɗi gaskiya. Ni tawa Haojue ce, jaki na buga da dare wajen Tibiri, aka gyara aka ce ta miƙe. A cikin gari ina aiki da ita ba matsala, in je Babbar Kasuwa in je tasha in dawo, amma ranar da na ɗauki hanyar Cadawa na ɗan murɗa mata sai kai ya hwara kaɗawa dama da hagu har hannuna na neman kuɓucewa, wallahi kalmar shahada kawai nike. Na sake mai a hankali ta lafa. To kai da za ka yi gudu cikin rairayi da ramu ka yi tunani.

Ɗan Madarumfa: Akwai awon zare, ba ya cin ko dala. Ka tsayar da moton daidai a kan daɓen siminti, wani ya riƙe ta tsaye cak. Ka zagaya zare ta bayan tayar baya, ƙasa-ƙasa yadda ba zai taɓa sarƙa ko salansa ba, ka ja bakin zaren biyu zuwa gaba har su wuce tayar gaba, kowanne ya ɗan shafi gefen tayar baya a wuri biyu. Tunda tayar gaba ta fi siriri za ka ga rata tsakaninta da zaren, kuma ratar dama da ta hagu dole su zo ɗaya. Sai dai kafin nan ka tabbata alamomin jan sarƙa na gefe biyu suna kan layi ɗaya, don tayar baya in ta karkace zaren ƙarya zai yi maka, ka zagi shasi a banza. Bayan haka ka koma nesa ta baya ka tsuguna ka hango tayoyin biyu, in ta baya na tsaye ta gaba ta kwanta gefe, wuyan ya murɗe ke nan.

Makanikin Sabon Gari: Madalla. In ƙara da furshi, ko da an ce sabo ne a zare bututun biyu a mirgina kowanne bisa gilashi, lanƙwasasshe zai riƙa ɗagawa yana tsalle. Haka ƙarhen tsakiyar taya. Sannan a ɗaga gaban moto a juya kai a hankali, in yana maƙalewa a tsakiya rulma, wato zoben ƴan ƙwallayen ƙarhe da kai ke juyawa a kai, ta yi rami, wannan mai sauƙi ne canzawa ake. Wanda ba shi da sauƙi shi ne in sabuwar rulma ta shiga mazauninta sakwa-sakwa ba sai an buga ba, ma'ana bakin bututun ya buɗe.

Mai walda a Ali Ɗan Tsoho: Ku bari in sa baki tunda mu ake kawo ma aikin. Tsagewar da ido bai gani, kananzir da alli ke tona ta. A kankare wurin, a shafa kananzir a bar shi ya ɗan jima, a goge tas da tsumma, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya jiƙa allin, ka ga layi baƙi-baƙi. Kuma ku riƙa tafiya da maganaɗisun tsohuwar lasifika in za ku sayi moto, inda aka cika mastik da kauri, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, ba ya kamawa sosai. Masu saida moton hatsari sun iya kwalliya, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Ɗan Mokoyo: To maigida in an samu ta karkace ba a iya miƙar da ita? Wani ya ce min ana sa wuta a ja.

Mai walda a Ali Ɗan Tsoho: Ana yi, ni ma ina yi wa masu ɗaukar buhun gero zuwa ƙauye. Shasin Boxer da Kasea da Haojue ƙarfe ne, yana karɓar walda, ba kamar na manyan motocin tsere na alminiyom ba da zafi ke kashe musu ƙarfi. Amma ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa shi ya yi ja aka dawo da shi da bututu da guduma, ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi, kuma mu nan da ido muke awo. Wurin taka ƙafa ko bayan siti in ya karye kawo in liƙa maka ka je ka yi tserenka. Wuya kam a'a, ko nawa za ka ba ni.

Yaron garaji: Ni dai ina ganin kuna tsoratar da shi, mu nawa ke hawan gyararru a wasan biki ba abin da ya samu kowa

Mai kabu-kabun Zariya: Yaro zagayen ango daban, dirowa daga tudu da gudu daban. Duk dirowa wuyan nan ne ke ɗaukar nauyinka da na moto.

Hajiyar Bagalam: Ni ba makanika ba ce, ƙanena ne ya sayi irin wannan. Abin da ba ku ambata ba, lambar shasi a jikin wuyan take, kuma mai gyara ya goge rabinta garin walda. Ranar da ƴan sanda suka tare shi lambar ba ta karantuwa balle a gwada da ta kat giriz, wato takardar rajistar moto, sai da aka nemo wanda ya sayar ya zo da kanshi. In ma shasi za ka canza, ka karɓi takardar wanda ka saya. Kuma don Allah hular kwano, ta kirki mai rufe haɓa.

Ɗan Mokoyo: Na gode iyayen gida. Na cire tanki na yi awon zaren yanzu da yamma, ratar dama yatsa biyu ke shiga, ta hagu zaren har yana taɓa taya, alamomin sarƙa kuma daidai suke. Ƙarƙashin wuya maganaɗisu bai kama ba.

Makanikin Sabon Gari: To kar ka sayi piston ko karbirato tukuna. Turo ta garaji gobe da sahe, kar ka hau, mu kankare mastik ɗin mu ga abin da suka ɓoye. In wuyan ne sai mu nemi shasin wata Boxer da injinta ya mutu mu juye naka a kai, suna nan da yawa wajen masu kayan gwanjo.